Dogon adireshin intanet mai haruffa da lambobi: me ya sa ya kai haka, kuma yaya ake karanta shi?

Duk wanda ya taɓa shiga saitin wayarsa ya duba bayanan Wi-Fi, ko ya buɗe shafin rawutar shagonsa, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ya san lambar nan mai kashi huɗu, irin su 192.168.1.1. Masu gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja sun haddace ta kamar lambar wayarsu. Sai dai a 'yan shekarun nan, a ƙarƙashinta ana ganin wani dogon layi da ya cakuɗa lambobi da haruffa, wani lokaci ma layi biyu ko uku. A tsakanin 'yan Arewa masu shagunan POS a Agege da masu sayar da waya a Obalende, fassarar da ake yi masa ta bambanta. Wani ya ce kutse aka yi masa, wani ya ɗauka lambar jikin waya ce, wani kuma ya nemi inda ake kashe shi ya kashe don ya huta.

Wannan layi adireshi ne, kamar dai gajeren da aka saba da shi. Sunansa IPv6, kuma shi aka tsara ya gaji tsohon, wato IPv4. Tsawonsa da yadda ake rubuta shi duk suna da dalili.

Mene ne adireshin IP?

Saƙo ba ya tafiya a intanet a dunƙule. Hoton da mutum ya tura daga Idi-Araba zuwa Kano ana yayyanka shi ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi ɗauke da adireshin mai aikawa da na mai karɓa, kamar buhun da aka rubuta wa suna kafin a ɗora a tirela. Ƙa'idar da ke tsara wannan tafiya ita ake kira IP, adireshin da ke jikin ƙunshin kuma shi ne adireshin IP.

Kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1. Kowane gurbi ɗaya da zai iya ɗaukar 0 ko 1 shi ake kira bit. Idan ana maganar tsawon adireshi, yawan waɗannan gurabe ake nufi. Tsohon adireshi yana da bit 32, sabon kuma 128.

A nan mutane da yawa ke yin kuskuren lissafi. Tunda 128 ya ninka 32 sau huɗu, sai a ɗauka adireshin ma sun ninka sau huɗu. Abin ya wuce haka nesa, domin duk bit ɗaya da aka ƙara yana ninka jimillar ne gaba ɗaya. Bit 32 yana ba da adireshi 4,294,967,296. Da an ƙara ɗaya tak ya zama 33, da an samu ninkin wannan. To, an ƙara 96. Sakamakon shi ne 340,282,366,920,938,463,463,374,607,431,768,211,456, adadin da ba shi da suna a ƙidayar yau da kullum.

Yadda tsohon ya ƙare

An fitar da ƙa'idar IPv4 a watan Satumba na 1981, aka fara aiki da ita gadan-gadan a ranar 1 ga Janairu 1983, a kan hanyar sadarwar ARPANET ta Amurka, wadda ta haɗa jami'o'i da cibiyoyin bincike. A lokacin, biliyan huɗu adadi ne da ya kusa yawan mutanen duniya baki ɗaya, kuma kwamfuta kayan ofis ne. Aka yi rabo da hannu sake: akwai kamfanoni da jami'o'in Amurka da kowannensu ya samu adireshi sama da miliyan 16 shi kaɗai.

Tun farkon shekarun 1990 injiniyoyin ƙungiyar IETF, mai tsara ƙa'idojin intanet, suka hango rumbun zai ƙare. A ranar 3 ga Fabrairu 2011 hukumar IANA, wadda ke riƙe da babban rumbun duniya, ta raba na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar. Ta Asiya ta shiga ƙamfa a 2011, ta Turai a 2012, ta Latin Amurka a 2014, ta Arewacin Amurka a 2015. Ta Afirka, wato AFRINIC mai hedikwata a Morishus, ita ce ta ƙarshe: ta fara tsuke hannu a 2017, ta ƙara tsukewa a Janairun 2020. Yau layukan waya masu aiki a Najeriya kaɗai sun haura miliyan 150, mutanen duniya kuma sun wuce biliyan 8 tun 2022.

Abin da ya yi ƙaranci yakan zama haja. A 2011 Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga kamfanin Nortel da ya durƙushe, a kan dala miliyan 7.5. Tun daga Fabrairun 2024 Amazon ke cajin masu hayar kwamfutocinsa rabin santin dala a kowace awa a kan kowane adireshin IPv4 na fili, wato wanda ake iya samu daga ko'ina a intanet. Ita kanta AFRINIC ta shafe shekaru a kotu kan rikicin da ya samo asali daga miliyoyin adireshin IPv4, har kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023.

Ga mai tambayar ina IPv5 ya shiga: an riga an ba da lamba 5 ga wata ƙa'idar gwaji ta aika murya da bidiyo, shi ya sa aka tsallake zuwa 6.

Yadda ake rubuta sabon

Cikakken adireshin IPv6 rukuni takwas ne, kowane rukuni alama huɗu, ana raba su da ruwa biyu maimakon ɗigo. Ga misali daga jerin da aka keɓe don koyarwa, wanda ba na kowa ba ne:

2001:0db8:00a3:0000:0000:0000:07c0:0012

Haruffan da ke ciki lambobi ne. Ƙidayarmu ta kullum tana da alamomi goma, daga 0 zuwa 9. A nan ana amfani da ƙidaya mai alamomi 16, don haka bayan 9 sai aka aro haruffa shida: a tana nufin 10, b 11, c 12, d 13, e 14, f kuma 15. Saboda haka ba za a taɓa ganin g ko k ko z a cikin adireshi na gaskiya ba, kuma wannan hanya ce mai sauƙi ta gane kuskuren kwafi. An zaɓi wannan ƙidaya ne domin alama ɗaya tana ɗaukar bit huɗu cif-cif. Alama huɗu sun zama bit 16, rukuni takwas sun zama 128. Da a salon tsohon aka rubuta shi, da an samu kashi 16 da za su iya cin gurbi 63.

Idan an rubuta shi ba ragi, alamomi 32 ne da ruwa biyu guda bakwai, jimilla 39. Tsohon bai wuce 15 ba. Akwai kuma salon da ake liƙa adireshin IPv4 a wutsiyar na IPv6, kamar ::ffff:192.0.2.1, wanda idan aka baje shi gaba ɗaya zai iya kai wa 45. Wannan ya shafi matasa masu rubuta manhaja a Yaba kai tsaye. Wanda ya ware gurbi 15 a ma'ajiyar bayanansa don adana adireshin abokin ciniki, ranar da mai IPv6 ya shigo, ko dai a yanke adireshin ko manhajar ta ƙi karɓa.

Ƙa'idoji biyu na taƙaitawa

Da wuya a ga adireshi a cike, domin an yarda a rage shi ta hanya biyu.

Ta farko: sifilin da ke farkon rukuni ana iya zubar da shi. 0db8 ya koma db8, 00a3 ya koma a3, 0000 ya koma 0. Na ƙarshen rukuni kuwa ba a taɓa shi. 07c0 yana komawa 7c0 ne. Wanda ya rubuta 7c ya canza adireshin, domin kwamfuta za ta karanta shi a matsayin 007c. Kamar kuɗi ne: 050 da 50 ɗaya suke, amma 50 da 5 ba ɗaya ba. Da wannan ƙa'ida misalinmu ya zama 2001:db8:a3:0:0:0:7c0:12.

Ta biyu: idan rukunoni masu sifili zalla suka jeru, ana share su a sa ruwa biyu sau biyu a madadinsu. Sai misalin ya koma 2001:db8:a3::7c0:12. Mai karatu ya ƙirga rukunonin da yake gani, biyar ne, ya san uku aka ɓoye, tunda dole su cika takwas.

Wannan lissafi shi ne dalilin da ya sa ba a yin haka sau biyu a adireshi ɗaya. A ɗauki 2001:db8:0:0:5:0:0:9. Idan aka rubuta 2001:db8::5::9, rukuni huɗu sun ɓace, amma ba wanda zai san ko ɗaya ne a gaba uku a baya, ko biyu da biyu, ko uku da ɗaya. Daidai shi ne 2001:db8::5:0:0:9. Wata ƙa'ida da IETF ta fitar a 2010 ta ƙara daidaita rubutun: a yi amfani da ƙananan haruffa, a taƙaita jerin sifilin da ya fi tsawo, idan kuma sun yi daidai a taƙaita na farko. Amfanin wannan yana fitowa ne lokacin bincike. Adireshi ɗaya da aka rubuta shi salo uku a rajista zai iya zama kamar na mutum uku.

Da taƙaitawa wasu adireshin kan yi gajarta sosai. Wanda kwamfuta ke kiran kanta da shi ::1 ne kawai, takwaran 127.0.0.1 na tsohon tsari. Sanannen adireshin Google 8.8.8.8, wanda masu saita rawuta suka sani, takwaransa shi ne 2001:4860:4860::8888. Facebook kuwa ya saka face:b00c a cikin nasa, tunda duk alamomin suna cikin ƙidayar.

Wani abu da ke rikita masu saita kyamara: a burawuza ruwa biyu shi ke raba adireshi da lambar ƙofa, wato lambar da ke nuna wane aiki ake nema a cikin na'urar, kamar 192.168.1.1:8080. Don kada a cakuɗa, adireshin IPv6 ana sa shi cikin baka mai kusurwa, a rubuta [2001:db8::1]:8080.

Rabi unguwa, rabi ɗaki

Mafi muhimmancin abin da ya kamata a gane game da tsawon shi ne ba a yi shi don a ƙirga na'urori ɗaya bayan ɗaya ba. An raba shi biyu. Rukuni huɗun farko, bit 64, suna nuna hanyar sadarwar da na'urar take ciki. Huɗun ƙarshe suna nuna na'urar kanta. Na farko kamar a ce Legas, Agege, layi kaza, gida kaza. Na biyu lambar ɗaki.

Shi ya sa ake ganin /64 a ƙarshen adireshi. Lambar da ke bayan karkataccen layin tana faɗin bit nawa ne daga farko suka zama na hanyar sadarwa. /64 guda ɗaya yana da gurbin na'urori 18,446,744,073,709,551,616, kuma shi ne mafi ƙanƙantar rabon da aka saba bai wa Wi-Fi ɗin gida ko shago. Wanda aka ba /56 yana da irin wannan 256, mai /48 yana da 65,536. Kamfanin intanet yakan karɓi /32 daga AFRINIC, wanda a cikinsa akwai /64 guda 4,294,967,296. Wato kamfani ɗaya a Legas yana iya riƙe hanyoyin sadarwa daidai da yawan adireshin tsohon tsari na duk duniya.

Farkon adireshi yana faɗin irinsa, kuma nan ne amsar tambayar masu shago take. Wanda ya fara da fe80 na cikin gida ne, na'ura ce ke ƙirƙira wa kanta shi don magana da rawuta, ba ya fita waje. Ganinsa a waya ba ya nufin kamfani ya ba mutum IPv6. Wanda ya fara da fd shi ma na cikin gida ne, ɗan'uwan 192.168. Na fita duniya a yau da 2 yake farawa, kuma da yawa daga cikin na Afirka da 2c0f suke farawa, domin daga rabon AFRINIC suka fito. Ganin biyu ko uku a waya ɗaya abu ne da aka tsara.

Ba sai an haddace ko ɗaya ba. Tsarin DNS, wanda ke juya sunan shafi ya zama lamba, yana ajiye tsohon adireshi a rajistar da ake kira A, sabon kuma a AAAA, wato A huɗu saboda tsawon ya ninka huɗu.

Saɓanin masana kan tsawon

Tun lokacin tsara shi ba a yi ittifaƙi ba. Daftarin da aka gina IPv6 a kansa bit 64 ya fara nema. Wani ɓangare kuma ya so adireshi mai tsawon da ke iya sauyawa, har zuwa bit 160. Aka tsaya a 128. Steve Deering da Robert Hinden suka rubuta ƙa'idar farko a Disambar 1995, aka sabunta ta a 1998, ta zama cikakkiyar ƙa'ida a Yulin 2017.

Masu suka suna da hujja uku masu nauyi. Suna cewa 64 ya isa, kuma bai wa shago mai waya biyar gurbin da ya fi ƙarfin lissafi almubazzaranci ne irin wanda ya cinye tsohon. Suna cewa ba ya karantuwa ta waya, injiniya ba zai iya faɗa wa yaronsa shi da baki ba sai an yi kuskure. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce sabon da tsohon ba sa jin yaren juna. Na'ura mai IPv6 zalla ba ta iya magana da mai IPv4 zalla sai da tafinta a tsakani, don haka kamfanoni suna ɗaukar nauyin tsari biyu a lokaci guda. Wannan ne babban dalilin da ya sa shekara 30 bayan fitowarsa ba a gama ƙaura ba, duk da ƙaddamarwar duniya da manyan kamfanoni suka yi ranar 6 ga Yuni 2012.

Masu goyon baya suna amsa cewa yalwar ita ce ke sa na'ura ta iya haɗa wa kanta adireshi ba tare da an raba mata ba, kuma ba za ta yi karo da wata ba. Sun ƙara da cewa kashi ɗaya cikin takwas na rumbun ne kawai aka buɗe don rabon duniya, saura yana ajiye, ko da an ga an yi kuskure a salon rabo. Kan batun almubazzaranci lissafi yana tare da su. Kan wahalar ƙaura kuwa tarihi ya gaskata masu suka.

Sai batun sirri. A salon farko, rabin ƙarshe na adireshi daga lambar jikin na'ura ake ciro shi, ma'ana duk inda mutum ya je da wayarsa wutsiyar adireshinsa ɗaya ce, ana iya bin sawunsa. An fara gyara wannan tun 2001. Wayoyi da kwamfutocin yanzu suna ƙirƙirar wutsiya ta wucin gadi su riƙa sauya ta, wanda shi ne wani dalilin ganin layi fiye da ɗaya. Amma rabin farko yana nan yana nuna kamfani da layin da aka fito, don haka gyaran ya rage matsalar ne, bai kawar da ita ba.

Zaman haya a adireshi ɗaya

Abin da ya riƙe tsohon tsari har yau dabara ce da ake kira NAT. Mutanen zango sun san irinta. Fatake goma sun sauka a gidan fatoma ɗaya a Alaba Rago, duk saƙon da zai zo da sunan maigida yake zuwa, shi ya san wa zai miƙa wa. Haka rawuta take yi: tana riƙe adireshin fili ɗaya, ta raba wa na'urorin cikin gida na 192.168. Kamfanonin waya sun faɗaɗa dabarar, suna tara masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya. Wanda ya ga adireshin rawutarsa ta waje ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, to a irin wannan gida yake.

Don kallon bidiyo da hira a WhatsApp wannan ba ya damun kowa, domin mutum ne ke fara aika saƙo amsa ta biyo baya. Matsalar tana fitowa idan daga waje ake son a same shi. Dillalin tumatir a Mile 12 da ya sa kyamara a shago yana son ya duba ta daga Funtuwa, sau da yawa sai ta bi ta kwamfutar kamfanin da ya ƙera ta a wata ƙasa, ko kuma ya biya kuɗin adireshin fili na musamman. Haka nan idan wani daga cikin masu raba adireshin ya yi ɓarna, shafi yana iya toshe adireshin gaba ɗaya, ko ya riƙa tsare kowa da tambayar tabbatar da cewa shi mutum ne. Laifin wani ya shafi wani.

Akwai masu ganin wannan ɓuya kariya ce, tunda ba a iya ƙwanƙwasa ƙofar na'ura daga waje. Akwai gaskiya a ciki, amma aikin katangar tsaro ce ta rawuta, kuma ana samunta a IPv6 ma. Bambancin shi ne da sabon tsari dole mai saitawa ya tabbatar tana kunne, musamman inda akwai kyamarar da ba a canza kalmar sirrinta ta kamfani ba.

Inda Legas take

Legas ce ƙofar intanet ta Najeriya. Nan wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka, irin su MainOne da Glo-1, sai Equiano na Google a 2022, nan kuma cibiyar IXPN take, inda kamfanoni ke musayar zirga-zirga a cikin gida. Manyan shafuka irin su Google da YouTube da Facebook sun daɗe da IPv6. Wayoyin hannu ma a shirye suke: Apple ya wajabta wa duk manhajar da za ta shiga kasuwarsa ta iya aiki da IPv6 zalla tun Yunin 2016. Alƙaluman Google sun nuna sama da kashi 40 cikin 100 na masu shiga shafukansa a duniya ta sabon tsari suke zuwa, Indiya da Faransa da Jamus suna sahun gaba. Kason Najeriya har yanzu ƙarami ne. Giɓin yana tsakanin kamfanin sadarwa da mai layi, kuma tsayawar AFRINIC da sauran tsohon adireshi bayan kowa ya ƙare ta rage matsin da ya tilasta wa wasu ƙasashe yin sauri.

Ga mai layi, sauyin ba ya buƙatar sabon sim ko sabuwar lamba. Ba ya kuma cinye data yadda ake tsoro: kan ƙunshin IPv6, wato sashen da ke ɗauke da adireshi, bayit 40 ne (bayit ɗaya bit takwas ne), na IPv4 mafi ƙaranci 20, bambancin 20 a ƙunshin da ke kai wa 1,500, wato kashi ɗaya da ɗoriya cikin 100. Kashe shi a rawuta ba ya ƙara tsaro ko gudu idan kamfani ya saita shi daidai. Inda za a ji shi a aljihu shi ne wurin sayen kaya. Tsofaffin rawutoci da na'urorin naɗar kyamara na hannu da ake saukewa a Alaba International, wasunsu IPv4 kaɗai suka sani, kuma mai saye zai iya dubawa a jikin kwali ko a shafin saiti kafin ya biya. Wanda kuma yake son sanin ko kamfaninsa ya ba shi sabon adireshi, ya kashe Wi-Fi, ya kunna data, ya shiga bayanan waya a saiti, ya ga ko akwai dogon layin da ya fara da 2.